Wane kuskure ne ya kai a kira shi hatsarin rediyeshin a asibiti?

Ka tsaya a Aboabo ko Asawase a nan Kumasi ka ce ma mutane "hatsarin rediyeshin", yawanci abin da zai zo ransu bom ne, Hiroshima ko Chanobil, gari ya watse mutane na gudu. To amma fa hatsarin da ya fi kusa da ni da kai ba ya ƙara ba ya hayaƙi, a ɗaki mai sanyin eyakon yake faruwa, mutum na kwance kan gado an ce masa kar ka motsa, ya tashi ya ce na gode dokta ya kama trotro ya tafi gida. Wani sai bayan sati biyu fata ta fara ja, wani sai bayan shekara, wani kuma har abada ba zai sani ba. Shi ya sa masana suka daɗe suna ja-in-ja kan tambaya mai kama da sauƙi, wai me za a kira hatsari, me za a kira kuskure kawai, me za a ce ai illar magani ce da dama an san za ta zo.

Wahalar tana farawa ne daga nan: a ko'ina rediyeshin abin gudu ne, amma a asibiti da gangan ake ba ka shi. Ma'aikacin da ke aiki da injin eksire yana da iyaka, milisibat 20 (ma'aunin illar rediyeshin ga jikin mutum ke nan) a shekara in an raba kan shekara biyar, mutumin gari kuma da ba ruwansa milisibat 1 ne, kuma dama dukanmu muna shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama ba tare da mun je ko'ina ba. Amma majinyaci ba shi da iyaka a doka, ko ɗaya. Dalili kuwa mai kansa ana iya ba ƙullutun da ke jikinsa girei 60 zuwa 70 (girei shi ne ma'aunin yawan rediyeshin da nama ya sha), ana rarrabawa kamar girei 2 kullum na wajen sati shida ko bakwai, alhali girei 4 zuwa 5 kacal in ya sami dukan jiki lokaci ɗaya zai kashe kusan rabin waɗanda ya sama in ba a yi jinya ba. Kenan yawan dos, wato adadin rediyeshin da aka ba mutum, shi kaɗai ba zai gaya maka an yi hatsari ba. Dole sai ka tambaya: nawa likita ya rubuta, ga wa, a wane wuri na jiki, sannan nawa aka bayar.

Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyana, ta ce hatsari shi ne duk abin da ya faru ba da niyya ba, ko kuskuren ma'aikaci ko lalacewar inji ko wani tsautsayi, wanda sakamakonsa, ko sakamakon da zai iya jawowa, ba abin rainawa ba ne. Wannan "zai iya jawowa" ɗin shi ne wurin da na ga an yi hankali, domin ba sai an ga gawa ba. Kuma a ƙa'idojinta na 2014 ta lissafo irin abubuwan da dole asibiti ya bincika: an yi wa wani gashi, wato ƙona kansa da rediyeshin, alhali ba shi ba ne, an gasa wurin da ba nan ba ne, an ba da maganin rediyeshin da ba shi aka rubuta ba, dos ya yi nisa da abin da aka rubuta ko sama ko ƙasa, an ɗauki hoto da rediyeshin da ya wuce ƙima sosai, an haska ɗan tayi a ciki ba a sani ba, ko inji ko sofwayar kwamfuta ta yi abin da zai iya canza dos.

Turawan Ingila sun ƙara yanka shi gida biyu a tsarin da suke bi ƙarƙashin dokarsu ta 2017. Akwai wanda dama bai kamata a haska shi ba sam, aka haska shi. Akwai kuma wanda shi ɗin ne dai, hoton nasa ne, amma aka ba shi fiye da ƙima ko aka ɗauki ƙafar hagu maimakon dama. Na farkon nan wallahi ya kamata mu 'yan Zango mu kula da shi, don ka san yadda sunayenmu suke, ka zauna a bencin jira nas ta leƙo da folda a hannu ta kira Muhammad ko Amina, mutum uku su ɗago kai, tsoho ɗaya da kunnensa ya yi nauyi ga shi ba Turanci ba Tuwi sosai ya miƙe ya bi ta don ya gaji da zama tun asuba. In ba a tambaye shi ranar haihuwa ba, ba a duba lambar kati ba, shi kenan an yi masa hoton wani. In eksiren ƙirji ne abin bai taka kara ya karya ba, dos ɗin bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na milisibat ba galibi, amma in siti sikan na ciki ne ana maganar wajen milisibat 10, kuma ko dos ɗin ba komai ai sakamakon ya shiga foldar wani, ana iya yi wa mai lafiya maganin cutar da ba tasa ba. Don haka in ma'aikaci ya tambaye ka sunanka sau uku kar ka ce rainin wayo ne, aikinsa yake yi.

(Af, a cire sikanin masu ciki da MRI daga wannan magana, su ba irin wannan rediyeshin suke amfani da shi ba, ɗaya sauti ne ɗaya maganaɗisu. Na ji mata da yawa na tsoron sikanin ciki wai yana ƙona jariri, ba haka ba ne.)

To yanzu rabe-raben. Hanya ta farko da aka fi sani ita ce a auna nisan da aka yi da abin da likita ya rubuta. Tun 1976 masana awon rediyeshin suka ce a gashin kansa a yi ƙoƙari kar a kauce fiye da kashi 5 cikin 100, don ƙari kaɗan yana ƙona lafiyayyen nama, ragi kaɗan kuma yana barin cutar da rai. Masana fiziks na asibiti a Amurka suka raba manya da ƙanana, in ƙarin ya kai kashi 25 na dukan dos wannan rukuni ne mai barazana ga rai, daga 5 zuwa 25 kuma rukuni na biyu ne, yana ƙara yiwuwar illa amma ba lallai ya kashe ba. Ita kuma hukumar da ke kula da nukiliya a Amurka ta ja nata layin a kashi 20 na dukan dos, ko kashi 50 a zama ɗaya, in an kai nan dole a kai rahoto. Ka ga layi uku daban daban kan abu ɗaya. Wanda aka ƙara wa kashi 22, a wani littafin dole a sanar da hukuma, a wani kuma yana rukuni na biyu, alhali jikin mutumin bai san da wani littafi ba.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi ganin amfaninta, ita ce a tambaya mutum nawa kuskuren zai iya shafa. Akwai kuskuren da ke faɗa wa mutum ɗaya rana ɗaya, misali an kwantar da shi ba daidai da zanen makar da aka yi a fatarsa ba. Akwai kuma wanda ya shiga cikin awon injin kansa, wannan kamar olonka ce, gwangwanin awon hatsi, da aka buga gindinta ya shige ciki, duk wanda ya zo sayen masara ranar da gobe da jibi ragi zai samu, kuma mai awon ma ƙila bai sani ba. Manyan hatsarurrukan da aka yi a tarihi kusan duk irin wannan ne.

Dubi Kosta Rika a 1996. A asibitin San Juan de Dios da ke San Hose aka canza kobalt, ƙarfen da ke fitar da rediyeshin a injin gashi, aka sa sabo, wajen awo aka ɗauki minti 0.3 a matsayin sakan 30 alhali sakan 18 ne, lissafi ya nuna kamar injin bai da ƙarfi yadda yake, sai aka riƙa barin marasa lafiya ƙarƙashinsa fiye da lokaci. Mutum 115 abin ya shafa, ƙarin ya kai kashi 50 zuwa 60, wasu suka mutu wasu suka nakasa. A Panama kuma tsakanin 2000 da 2001 kwamfutar tsara gashi ce, an yi ta ne ta karɓi bayanin tubalan kariya huɗu, waɗanda ke tare rediyeshin daga lafiyayyen nama, ma'aikata suna son biyar, sai suka gano dabarar shigar da su kamar guda ɗaya ne, kwamfuta ta karɓa ba ta yi ƙorafi ba amma lissafin lokacin da ta fitar ya kusa ninkawa, majinyata 28 masu kansar furostet, ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da ta bakin mahaifa suka sha ƙari, da yawansu suka rasu. Da wani ya ɗauki biro da kalkuleta ya sake lissafin da hannu da an kama shi tun a mutum na farko.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a matsayina na wanda ya sha dumsor, ɗauke-ɗauken wutar nan tamu, shi ne na Biyalistok a ƙasar Folan, Fabrairun 2001. Wuta ta ɗauke ana cikin yi wa wata mata gashi, wuta ta dawo aka kunna inji aka ci gaba, ashe wani fiyus ya ƙone kuma abin da ya kamata ya hana injin aiki in awonsa ya lalace shi ma ya mutu, injin ya riƙa zuba rediyeshin ninkin ba ninkin. Mata biyar masu kansar nono suka ƙone. Abin da ya tsayar da shi a biyar shi ne matan sun ce suna jin ƙaiƙayi da zafi, abin da ba a ji a gashi na daidai, ma'aikata suka saurare su suka dakata aka auna. Gashi na daidai ba ya zafi a lokacin da ake yinsa, in ka ji ƙuna kana kan gado ka yi magana nan take, kar ka ce haƙuri ibada ne. Injin gashi na Therac-25 ma da aka yi fama da shi a Amurka da Kanada daga 1985 zuwa 1987, sau shida sofwayarsa na sakin dos mai yawan gaske har wasu suka mutu, akwai majinyatan da suka ce sun ji kamar wuta ta ja su, aka yi ta cewa injin ba zai iya yin haka ba.

To ga inda nake ganin yawancin rabe-raben nan suna da makanta. Duk misalan da na kawo ƙari ne, kuma ƙari yana tona kansa, fata ta saɓule, gudawa ta ƙi tsayawa, gyambo ya ƙi warkewa, dole a yi tambaya. Ragi fa? A wani asibiti a Arewacin Stafodshaya a Ingila, daga 1982 har 1991, ma'aikata suna yin gyaran lissafin tazara da hannu ba su san kwamfutar da aka sayo ta riga ta yi wannan gyaran ba, aka riƙa ragewa sau biyu, kusan mutum 1,000 suka sami ƙasa da abin da aka rubuta musu da kashi 5 zuwa 30. Shekara tara ba wanda ya lura, sai da aka zo sa sabuwar kwamfuta. Don wanda aka rage wa dos ba ya ƙonewa, kansarsa ce kawai ke dawowa, dangi su ce kwana ya ƙare, likita ya ce dama cutar ta yi nisa, a yi addu'ar bakwai a watse. Duk tsarin da ya ce sai an ga rauni kafin a kira abu hatsari, wannan mutum dubun ba za su taɓa shiga lissafinsa ba. Kuma a wurinmu da mutane ke zuwa asibiti a makare, bayan an gama zagaya masu maganin gargajiya, wa zai yi zargin ragi in mara lafiya ya rasu?

A ɓangaren hoto kuma wata matsalar ce daban. Illar rediyeshin iri biyu ce. Akwai mai ƙofa, sai dos ya wuce wani mataki take bayyana: fata na fara ja daga wajen girei 2, suma na zubewa na ɗan lokaci daga wajen 3. Akwai kuma marar ƙofa, wato ƙarin yiwuwar kamuwa da kansa bayan shekaru, wadda ba za ka taɓa nuna mutum ɗaya ka ce wannan hoton ne ya jawo masa ba. A asibitin Cedars-Sinai na Los Anjelas tsakanin 2008 da 2009 an canza saitin siti sikan na ƙwaƙwalwa, mutum 206 suka sha kusan ninki takwas na abin da ya kamata har tsawon wata 18, kuma hoton yana fita tas, ya ma fi kyau, don a injinan zamani ƙarin dos ba ya baƙanta hoto kamar yadda fim ɗin da yake yi. Sai da wani ya zo yana cewa sumarsa ta zube a zagaye kamar an ɗaura masa ƙyalle aka farga. Da ninki uku ne ba takwas ba, sumar ba za ta zube ba, ƙila da har yau ana nan ana yi. Shi ya sa a hoto ake amfani da ma'aunin kwatance, kowace ƙasa ta san dos ɗin da aka saba bayarwa a kowane irin hoto, asibitin da ya ga nasa ya yi sama ya binciki kansa.

Sai maganar ciki. Mace ta zo hoto ba ta san tana da shigar ciki ba, ko ta sani amma kunya ta hana ta faɗa don surukarta ce ta rako ta tana tsaye a bakin ƙofa. Wannan yana cikin jerin abin da dole a bincika, amma a sani, masana kariyar rediyeshin sun ce dos ɗin da bai kai miligirei 100 ga ɗan tayi ba ba dalilin zubar da ciki ba ne, kuma yawancin hotuna ba sa kusantar nan. Wanda ya fi haɗari shi ne ayodin 131 da ake sha don ciwon maƙoƙo da kansar tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya, in aka ba mai ciki da ya ɗan girma ko mai shayarwa, yana iya lalata wannan ƙwayar ta wuya a jikin jaririn.

Akwai sikeli na duniya da ake kira INES, tun 1990, daga 0 zuwa 7, 1 zuwa 3 ƙananan aukuwa, 4 zuwa 7 hatsari, Chanobil da Fukushima su ne 7. Amma an gina shi ne don tashoshin nukiliya da ma'aikata da jama'ar gari, bai dace da mutumin da dama da niyya ake ba shi girei 70 ba. Faransa sai da ta ɗanɗana kuɗarta a Efinal, inda tsakanin 2004 da 2005 maza 24 masu kansar furostet suka sha ƙarin kashi 20 zuwa sama saboda an canza yadda ake amfani da wani sashen inji ba a horar da ma'aikata yadda ya kamata ba, sannan a 2007 ta fito da nata sikelin na majinyatan gashi, shi ma 0 zuwa 7. Abin da ya burge ni da shi matakin ƙasa ne, an ba wa kuskuren da bai cutar da kowa ba gurbi a rubuta shi. Haka ma IAEA ta buɗe rumbun SAFRON a 2012 inda asibitoci ke shigar da kurakuransu ba tare da suna ba, har da wanda aka kama kafin ya kai ga majinyaci. Wannan na ƙarshen, wato saura ƙiris, shi ne mafi arahar darasi, amma shi ne aka fi ɓoyewa, don ƙaramin ma'aikaci ya san in ya faɗa shi za a fara yi wa ihu. In tsarin rabe-rabe ya zama na neman wanda za a kora, ba wanda zai cike fom.

A nan Gana manyan wuraren gashi na gwamnati biyu ne, Korle Bu da aka buɗe a 1997 da namu na Komfo Anokye, da muke kira Gee, a 2004, sai na kuɗi a Ankara. Mutum zai taso daga Bawku ko Wa ko Tamale ya zo ya sauka gidan ɗan uwa a Zango na wata biyu. In inji ya tsaya sati ɗaya a tsakiyar gashinsa, ba a ƙara masa ba ba a rage ba a lissafin girei, amma tsawaita kwanakin gashi yana ba wa wasu kansoshi, musamman na wuya da bakin mahaifa, damar sake tsiro. Wannan a wane rukuni za a sa shi? Littattafan da aka rubuta a ƙasashen da ke da inji a kowane gari ba su cika damuwa da shi ba, don su sai dai a tura ka asibitin gaba. Ni a ganina ya kamata a riƙa rubuta shi kamar yadda ake rubuta sauran, ko da ba laifin kowa ba ne. Dokar 895 ta 2015 ta kafa hukumar kula da harkar nukiliya mai zaman kanta, aka raba ta da hukumar makamashin atom da ke Kwabenya, ita ke ba da lasin kuma ita ake kai wa rahoto, har ƙananan wuraren eksire da suka cika unguwanni suna ƙarƙashinta.

Rukuni na ƙarshe shi ne wanda injin asibiti ke cutar da wanda bai taɓa shiga asibitin ba. A Goyaniya ta Birazil a Satumbar 1987, an bar tsohon injin gashi mai siziyom 137 a kangon asibiti, wasu masu neman ƙarfe suka kwance shi suka sayar, mai shagon ya ga gari mai walƙiya shuɗi da dare ya kai gida yana nuna wa iyali, mutum huɗu suka mutu har da yarinya 'yar shekara shida, 249 suka gurɓata, aka auna mutum wajen 112,000. A Samut Prakan ta Tailan a 2000 kan injin kobalt ne aka fasa a wurin tsofaffin ƙarafa, mutum uku suka mutu. Kobalt 60 sai ya yi shekara biyar da 'yan watanni kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, siziyom kuwa shekara 30, wato injin da asibiti ya ce ya tsufa bai iya gashi har yanzu yana iya kisa a hannun mai guduma. Yaranmu nawa ne ke tura baro suna sayen kondem, wato tsofaffin ƙarafa, daga Dagomba Line zuwa Suame Magazin, da waɗanda suka watsu bayan rushe Agbogbloshi a 2021? Irin wannan kaya yana da nauyin da ya fi girmansa saboda darmar da aka lulluɓe shi da ita, wanda shi ne ma ke jan hankalin mai saye, kuma galibi akwai alamar fanka mai fiffike uku a kan rawaya a jikinsa. Wanda ya ci karo da shi kar ya fasa kar ya ɗauka, ya ja da baya ya hana yara zuwa wurin, a kira 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana su nemo mutanen Kwabenya da na'urar awo.